Tsirkiya Uku Kacal

Duk unguwar bakin gada babu wanda bai san Genta mai awara ba, babu kuma wanda bai taɓa jin ya ce "ai wannan ba wani abu ba ne" ba. Da wannan magana ya taɓa hawa rufin gidansu gyaran yoyo, sai da tsanin 'yan kwana-kwana aka sauko da shi. Da ita ya shiga gasar iyo, jirgin masunta ya dawo da shi. Awararsa dai tana da kyau, wannan ba a ja masa. Bakinsa ne ya hana shi zama lafiya.

Wata Asabar da la'asar, maza na jiƙe cikin ruwan zafi har wuya a gidan wanka, kowa da ɗan tawul a ka, sai Rokuro mai aski ya kawo labarin cewa bana bikin ranar tsofaffi zai zo babu kiɗa. Tsohon da ya saba kaɗa musu shamisen, molon gargajiyar ƙasarsu, yatsunsa sun ƙage, ko tsinken cin abinci da ƙyar yake riƙewa. Ana cikin jimami Genta ya tambaya, wai tsirkiya nawa ce a jikin abin. Aka ce masa uku.

"Uku kacal? Ni da nake fama da tukunya biyar da hannu biyu? Kwana nawa ya rage?"

"Arba'in," in ji Rokuro.

"Sun yi yawa. Ku sa sunana."

Rokuro ya dubi sumar Genta, wadda yake shafe wa mai ya tayar da ita gaba kamar zankon zakara, ya ce to idan ya kasa fa. Genta ya ce idan ya kasa a yi masa ƙwal-kwabo a gaban jama'a. Rokuro ya ce a shaida. Maza goma sha ɗaya, babu ko mai wando, suka shaida.

Abin da ya ba Genta ƙwarin baki shi ne akwai shamisen a gidansa. Sai dai ba nasa ba ne, na matarsa ne, Fumino. Watansu takwas da aure, amma akwai masu sayen awara da har lokacin ba su san muryarta ba. Idan aka tambaye ta abu, sai ta sunkuya ta nuna da hannu. Kakarta ce ta rene ta a wani ƙauye cikin duwatsu, da kiɗan da take yi wa baƙi a masaukai ta ciyar da ita, ta kuma rasu saura wata biyu bikin aurensu. Ba ta bar gona ba, ba ta bar gida ba. Shamisen ɗin nan kaɗai ta bari, a naɗe cikin takarda, a cikin doguwar akwatin katako. Fumino ba ta iya kaɗawa ba, don kakar ta ce sai ta gama girma, kuma kafin ta gama girman yatsun tsohuwar sun daina aiki. Amma ta haddace dokokinsa guda uku: kada ya kusanci tururi, a cire ɗan jakin da ke ɗaga tsirkiya da zarar an gama, kuma kada ƙafar ɗan Adam ta tsallake shi.

Da Genta ya dawo ya ce ta fito masa da kayan kakarta, sai da ta ji kamar an ce ta fito da kakar kanta. Ta buɗe baki za ta ce a'a, a'ar ta zo har maƙogwaro ta koma. Abin da ya fito shi ne, "To, Maigida."

Ran Talata suka nufi gidan Malama Umeka mai koyar da shamisen, shi a gaba yana gaishe da mutane da hannu biyu, ita a baya rungume da akwati. Malama Umeka shekararta tamanin da ɗaya, ba ta kai kafaɗar Genta ba, amma ko mai kawo wasiƙa sai ya gyara kwalar rigarsa kafin ya taɓa ƙofarta. Genta ya gaya mata ba koyo ya zo yi ba, tuni ne kawai, don kiɗa a jininsa yake. Ta ce madalla. Ta nuna masa tabarma ta ce ya durƙusa, ya zauna a kan dugadugansa, ya miƙe baya. Ta kunna tsinken turare ta kafa a toka, ta ce ya zauna haka har ya cinye.

"Shamisen ɗin fa, Malama?"

"Yana nan, ba ya gudu. Zauna."

Turare bai ci kwata ba Genta ya fara karkata kamar kwale-kwale. Ya zare ƙafar hagu, Malama ta dube ta, ya mayar. Ya ce akwai ƙusa a tabarmar. Ta ce shekara hamsin ana zama a wurin ba a taɓa samu ba. Fumino kuwa tana can kusurwa a durƙushe kusa da akwatin, ba ta motsa ba har aka tashi, don a gidan kakarta haka ake cin abinci, haka ake ɗinki, haka ake shan faɗa.

Talata ta biyu aka sake kafa turare, aka ƙara masa da kiɗan baki. Malama ta ce kafin yatsa ya taɓa tsirkiya sai baki ya iya faɗin abin da za ta ce: ton, ten, cin, tsun. Ƙato guda, mai gida da shago, yana durƙushe yana "ton, ten" kamar mai kiran kaji. Ana cikin haka Rokuro ya wuce ta bakin taga a kan keke, ya rage gudu, ya amsa da "cin, tsun." Nan Genta ya miƙe, bayan ya dafa bango, ya ce shi an yi da shi zai yi kiɗa ne, ba a yi da shi zai yi zaman makoki ba. Malama ta ce ƙofa a buɗe take. Ta bi Fumino da kallo har suka fita.

Daga ranar makaranta ta koma shagon awara. Genta ya kifa bokiti tsakanin tukunyar dafa waken suya da kaskon tuya, ya zauna a kai ya baje ƙafafu, ya ce ga zaman maza. Makaɗin kakar, mai faɗin baki da santsi, Fumino ta riga ta ɓoye shi a cikin buhun shinkafa. Bai damu ba. Ya ɗauki maɗebin shinkafa na katako ya ce ai kusan ɗaya ne, wannan ma ya fi cika hannu.

Rana ta farko kyanwar gidan mai kifi ta kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta ƙetare gada. Rokuro ya ce ta ji kukan 'yar'uwarta ne, tun da kowa ya san da fatar wa ake rufe abin. Rana ta uku matar mai gyaran keke ta zo da man inji ta ce a ɗiga wa ƙofar da ke kuka. Rana ta biyar wani mai sayen awara ya dawo da ita ya ce ta yi tsami. Genta ya ce ba tsami ba ne, awarar ce kiɗan ya ratsa ta.

"Ni ma ya ratsa ni," in ji mutumin. "Tun jiya nake zagayawa."

Rokuro kullum sai ya leƙo da injin askinsa a aljihun gaba, ya tambaya ko wace waƙa ce wannan. Genta ya ce wadda kunnen mai aski bai kai ya gane ba. Rokuro ya ce haka ne, shi kunne yankewa kawai ya sani, amma ya lura ko agogon bangonsa ya fara ja da baya. Genta ya ce hassada ga mai rabo taki. Rokuro ya ce to ya ci gaba da zuba takin a ka, sumar ta ƙara tsawo, ya fi daɗin kwashewa.

Duk wannan dariya ce ga unguwa, ban da Fumino. Ita fatar take kallo. Tururin wake yana hawa yana sauka a kanta, da safe ta saki ta yi laushi, sai Genta ya kara ta a kaskon tuya wai ta ɗame. Maɗebin shinkafa ya bar mata tabo. Jakin kuwa bai taɓa cirewa ba, sai ita in ya fita kai awara ta lallaɓa ta zare, ta goge wuyan da tsumma, ta mayar da shi ɗaki. Ya dawo ya sake fito da shi. Sau biyu ta ga ya ɗaga ƙafa zai tsallake shi, sau biyu ta yi tari, ya tsaya tambayar ko mura take yi. A kwana na talatin da uku ta ga wata 'yar tsaga a gefen fatar, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba.

A ranar ce kuma Genta ya gano abin da ke hana kiɗansa daɗi. Ya ce ba daga hannunsa ba ne, daga kayan ne: babbar tsirkiyar tana wani zuuu kamar ƙuda ya faɗa kwalba, don tana gogar katako a can saman wuya. Ya ce tsofaffi ba su san gyara ba. Gobe zai aro magagari wurin mai keke ya kankare wurin ya huta. Fumino ta san wannan zuuu ɗin. Da gangan ake yin sa, kakarta ta ce shi ne numfashin abin, in babu shi katako ne kawai da zare. Ta sake buɗe baki, ta sake rufewa.

Washegari da sassafe, Genta na can kan keke yana rabon awara, ta tafi gidan Malama Umeka ita kaɗai. Ta gaishe ta, ta durƙusa, sai magana ta ƙi fita. Malama ba ta matsa mata ba. Ta kunna turare ta ci gaba da shan shayinta. Sai da tsinke ɗaya ya cinye, ta kunna na biyu ya yi rabi, sannan Fumino ta ce, kanta a ƙasa, "Zai kankare wuyan, Malama."

Malama ta ajiye kofi. Ta tambayi tururi, ta tambayi jaki, ta tambayi makaɗi. Da aka zo kan maɗebin shinkafa sai ta rufe ido na ɗan lokaci. Daga nan ta tambaya ko bana wa zai yi jawabi a bikin. Fumino ta ce Dattijo Isobe, shugaban unguwa.

"Isobe? To, 'yar nan, kakarki na da sauran rabo. Je ki gida."

Kafin azahar tsohuwar ta bayyana a shagon awara da 'yar lemarta, daidai lokacin da Genta ke gwada kaifin magagari da babban yatsa. Ta sunkuya masa har ƙasa. Ta ce labarin kiɗansa ya kai mata har gida, ba ma sai an faɗa mata ba, da kunnenta take ji. Ta ce akwai abu uku da ake yi wa manyan makaɗa, ba ta sani ba ko ya kai a yi masa. Na ɗaya, kayan kiɗansu a gidan malami suke kwana har ranar biki, don su huta. Na biyu, ba sa jira a bayan fage kamar 'yan koyo, a gaban dandamali suke zama tun buɗe taro, jama'a su ƙoshi da kallonsu. Na uku, babban makaɗi ba ya ɗaukar kayansa, mai hidima ke riƙe masa a baya, sai ya tashi ya taka zuwa jan kilishi ya zauna sannan a miƙa masa.

Genta ya ce daman yana mamakin yadda ba a zo masa da wannan tun da wuri ba. Da hannunsa ya rufe akwatin. Sauran kwanakin ya yi atisaye da tsintsiya, unguwa ta samu barci, kyanwa ta dawo da 'ya'yanta.

Ranar biki zauren unguwa ya cika. Tsofaffi wajen arba'in a jere kan matasai, kowa da akwatin abincinsa da kofin shayi. A gefen dandamali an ajiye babban baho na ruwan sanyi cike da awarar da Genta ya bayar kyauta, da takarda mai ɗauke da sunansa da manyan baƙaƙe. Shi kuwa ya sha rigar kimono ta aro mai tambari, sumar nan ta sha mai har tana ɗaukar ido. Ya durƙusa a gaban shamaki mai ruwan zinare, ya zauna a kan dugadugansa, ya tura ƙirji. Fumino na bayansa ta hagu, shamisen a kan cinyarta. Malama ta liƙe tsagar, ta ɗaura sabbin tsirkiyoyi. Rokuro na layin gaba, hannunsa a aljihu.

Dattijo Isobe ya tashi ya ce ba zai tsawaita ba. Ya fara da shekarar da aka gina gadar. Ya bi ta kan ambaliyar da ta cinye ta, da waɗanda suka sake ginawa, da sunayen iyayensu. Genta ya ji tururuwa sun fara hawa ƙafarsa ta dama. Dattijo ya karanta saƙon magajin gari, ya ga ya tsallake layi, ya koma farko. Tururuwa suka zama cinnaku. Genta ya so ya ɗan zare ƙafa, ya ɗaga ido ya ga ido tamanin a kansa, ga na Malama Umeka a tsakiya. Ya fasa. Aka shiga kiran duk wanda ya haura tamanin da takwas, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taso da sandarsa ya karɓi tawul. Gumi ya narkar da man kai, zanko ya fara kwantawa.

Sai aka ba Kaka Tome, mai shekara casa'in da tara, dama ta yi godiya a madadin tsofaffi. Ta yi godiya mai kyau. Da ta kai ƙarshe aka yi tafi, tafin ya yi mata daɗi, ta sake daga farko. Wajen tsakiyar zagaye na biyu Genta ya ji cinnakun sun tafi gaba ɗaya. Ya yi murmushi. Ya ɗan waiwaya ya raɗa wa Fumino cewa ai ya gaya mata, zaman ma ba wani abu ba ne, yanzu ko zafi ba ya ji. Fumino ta ƙara riƙe wuyan shamisen ɗin.

Aka kira sunansa. Taku uku ne tsakaninsa da jan kilishi. Ya sunkuya wa jama'a, ya ɗago, ya yunƙura. Daga ƙugu zuwa sama ya tashi, daga ƙugu zuwa ƙasa ba a sanar da su ba. Ya sake yunƙurawa ya miƙe a kan wasu abubuwa biyu da ba su san shi ba. Ƙafar dama ta lanƙwashe ta taka da bayanta, ta hagu ta tafi wajen taga. Ya yi taku ɗaya gaba, biyu gefe, ya buɗe hannuwa kamar shamuwa za ta sauka, ya yi juyi guda cikakke. Kaka Tome ta fara tafi tana bin takun.

Sai ya yi baya-baya, kai tsaye wajen matarsa, ƙafa a sama za ta tsallake shamisen ko ta sauka a kansa. Fumino, wadda ta yi awa ɗaya da rabi a durƙushe kamar shi, ta miƙe cak kamar an zare ta, ta ja da baya taku biyu da kayan kakarta a ƙirji. Genta ya wuce ta inda take a dā, ya rungumi shamakin zinare, suka yi rawa tare, suka sauka daga dandamali tare. Shamaki ya tsaya a kan teburin shayi. Genta ya ƙarasa cikin bahon awara, zaune, ruwa har ƙirji.

Sai wani tsoho ya ce shekara ashirin yana zuwa bikin nan bai taɓa ganin wasa mai kyau irin na bana ba. Aka fashe. Kaka Tome ta ce a sake. Genta, da awara a kafaɗa, ya ce wannan sharar fage ce, kiɗan na tafe. Rokuro ya matso ya sa yatsa ɗaya ya taɓa masa tafin ƙafa, daidai lokacin da jini ya fara dawowa. Ƙarar da Genta ya yi, mutane suka ce ita ce sauti na farko mai daɗi da ya fitar cikin kwana arba'in.

Duk da haka bai saduda ba. Ya miƙa jiƙaƙƙen hannu daga cikin bahon, ruwa na ɗiga daga hannun riga.

"Fumi, miƙo shi nan. A zaune zan kaɗa."

Fumino ta dubi hannun, ta dubi ruwan, ta dubi fatar da aka liƙe.

"A'a, Maigida."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma har layin baya an ji, har masu na'ura a kunne. Matar mai gyaran keke ta ce ashe haka muryarta take. Genta ya tsaya baki buɗe, hannu a miƙe, ya rasa ta inda ake amsa wannan kalma, don bai taɓa jin ta a gidansa ba. Kafin ya samo, Rokuro ya riga ya yafa masa farin ƙyalle a wuya. Shaidu goma sha ɗaya suka taso, wannan karon da wandunansu. A cikin bahon aka yi askin.

Malama Umeka ba ta kalli askin ba. Ta zo ta tsaya gaban Fumino, ta gyara mata riƙon wuyan da yatsa ɗaya.

"Talata, ƙarfe goma. Kin riga kin gama darasin farko. Ki zo da makaɗin, ki kakkaɓe shinkafar."

Yanzu duk Talata za ka gan su a kan gada, Fumino a gaba, Genta a baya rungume da doguwar akwati, kai na sheƙi. Duk wanda suka gamu da shi sai ya tsaya ya gaya masa cewa shi ya gano baiwar matarsa, dabara ce ya shirya tun daga gidan wanka. Dokar gidan Malama kuwa ba ta canja ba: wanda ya ɗauko kaya a kusurwa yake jira, a durƙushe, har a tashi. An ce makon jiya ya kusa kai rabin turare.